Yadda Ake Rataye Manyan Lasifikoki a Bangon Ƙasa

Ɗan'uwa, idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari duk ƙauyenku sai an san ka sayi lasifika. Ni Nababa na gwada su da hannuna a gidanmu da ke kusa da Tofa, kuma har yau in na wuce majalisa sai an nuna ni da baki.

Mataki na 1: Sayi wadda ta fi ƙarfinka

Ka je Ɗambatta ranar kasuwa. Kada ka tsaya wajen ƙanana. Nemi guda biyu, kowacce nauyin rabin buhun gero, irin waɗanda kwandasta zai ce su ma sai an ba su kujera. Ka sani, daɗin sauti a nauyi yake. Ni na gano haka, ba wanda ya koya mini.

Ka kuma tanadi dalili. Nawa dalilin shi ne Yaya Kamaruddeen, wan matata Aina'u, malamin kimiyya. Ya taɓa zuwa ya ɗaga 'yar rediyota, ya jujjuya ta, ya ce, "Ashe har yanzu ana yin irin wannan?" Wata bakwai maganar tana cina.

Mataki na 2: Nemi shawara, sannan ka watsar

Kira magini. Ni na kira abokina Abdulkabir. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne, ya ce, "Nababa, wannan fa ginin ƙasa ne, shafen siminti kawai aka yi masa. Ga damina, ya sha ruwa. Ka ajiye su a ƙasa mana."

Na ce, "A ƙasa? Kamar randa?"

Ya ce, "To, Allah Ya tsare."

Ka ɗauki wannan a matsayin ya amince.

Mataki na 3: Zaɓi bango

Ɗaki bango huɗu gare shi. Zaɓi wanda baƙo zai fara gani in ya shigo, ko da kuwa shi ya raba ɗakinka da na mahaifiyarka. Aina'u ta ce, "Baban Muhsina, ɗakin Inna Hure ne fa a bayan nan." Na ce ai shi ne ma hikimar, za ta riƙa jin wa'azi tana zaune. Duk sanda za ka yi wauta, ka jingina ta da lada, ba mai iya ja da kai.

Mataki na 4: Buga ƙusa

Kife turmi ka hau. Ɗauko ƙusa mai inci shida. Idan ka buga sau ɗaya ta shige gaba ɗaya kamar a cikin tuwo, kada ka zargi bango, ƙarfinka ne. Ƙara wata. Ni sai da na jera tara a kowane gefe, tazarar ɗan yatsa tsakaninsu, don su taimaki juna.

Ɗaure lasifika da igiya, ɗaga ta da ka da kafaɗa, rataya, ka ja da baya a hankali. Za ka ga ƙasa tana zubowa siririya daga ƙarƙashi. Share kafin maiɗakinka ta gani.

Mataki na 5: Gayyato mutumin

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya Kamaruddeen ya iso. Na shimfiɗa masa tabarma, Aina'u ta ajiye ƙwaryar fura a gindin bango, na tayar da janareto. Na fara da wa'azi, ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Ba laifi."

Ɗan'uwa, a nan ake gane namiji. Ba laifi? Na cire wa'azi, na sa kiɗan kalangu, na murɗa har ƙarshe.

Mataki na 6: Kada ka gudu

Kwanon rufi ya fara rawa. Ƙadangare ya faɗo. Sai lasifikar dama ta sunkuyo kamar za ta gaishe mu, ta taho da ƙusoshinta tara da wani ɓangaren bango mai faɗin faifai uku, ta sauka cikin fura. Malamin kimiyya ya tashi fari fat tun daga hula har takalmi. Rabin tubalan kuma can ɗakin Inna suka zuba.

Aina'u ta fizge waya. Wuri ya yi tsit. Na kira, "Inna!" Shiru. Na sake kira. Wallahi a lokacin na manta da lasifika, na manta da baƙo. Na rarrafa na leƙa ramin.

Tana zaune a ɗaya gefen ɗakin da carbinta, ƙasa a kan ɗankwalinta, tubali guda a daidai inda ta saba ajiye matashi. Sai da ta idar da abin da take karantawa, ta shafa, sannan ta dube ni.

"Nababa."

"Na'am, Inna."

"Da ka bari malamin ya gama wa'azin. Ina saurare."

Mataki na 7: Gyara

Koma wurin maginin da kanka, kai a sunkuye. Abdulkabir ya dubi ramin, ya dube ni, ya yi murmushi, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Kwana uku ina kwaɓa masa ƙasa. Da ya zo toshe ramin, Inna ta ce a dakata. Wai tunda aka gina ɗakin ba ta taɓa shan iska irin wannan ba, a sa mata taga kawai.

An sa. Yanzu ta nan take tashina sallar asuba, ta nan take tambayar me aka dafa, kuma duk gardamar da muka fara da Aina'u, kafin in kai ƙarshen maganata hukunci ya shigo ta taga. Ban taɓa yin nasara ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk bangon da ya faɗi, ko furar da ta zube, ko surukin da ya daina ɗaukar waya. Wanda ya bi matakan nan, shi da mahaifiyarsa. Mai ƙorafi ya zo gida ya same ni, amma don Allah ya yi magana a hankali, Inna tana ji.