Yadda Za Ka Zama Dillalin Kwali Na Ƙasa Da Ƙasa Kafin Ka Gana Da Surukinka

Kai mai tsintar kwali a bayan shaguna, wanda ake shirin tambayarsa sana'a a gidan su budurwa, matso kusa. Dabarar nan ba ta kuskure. Na gwada ta a kan abokina Harisu, lokacin da yake neman Khairat ɗiyar Alhaji Bature a nan Daura.

1. Sauya wa sana'arka suna.
Daga yau ba tsinta kake ba. Kana harkar takarda da kwali tsakanin ƙasashe. Faɗi hakan kana duban nesa, kamar mai jiran jirgin ruwa. Babu teku a Daura, amma ba a hana mutum jira ba.

2. Koyi ƙasashe a gindin kwali.
Je shagon Uzoma mai kayan gyaran babur, ka juya kowane kwali ka karanta inda aka yi shi. Harisu ya wuni yana shinshinar su, har Uzoma ya ce, "Malam Harisu, in yunwa ce ka faɗa mini, matata Nkiru ta yi girki." Kada ka kula. Haka ake yi wa masana.

3. Kwatanta, ko ba ka sani ba.
Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Ka ce, "Na Sin ya fi yawa, na Indiya ya fi kauri, na Jamus kuma sai wanda ya gani." Kai ma ba ka gani ba, don haka ba ƙarya ka yi ba. In an tambaye ka matsayin Najeriya, girgiza kai kawai ka yi ajiyar zuciya.

4. Fitar da kaya waje.
Ɗaure dami guda a babur ka kai kasuwar Mai'adua da ke bakin iyaka, ka sayar wa mutumin Nijar. Shi zai tsallaka da shi, kai za ka ɗauki sunan.

5. Ranar ganawa.
Harisu ya durƙusa a zaure, ya zuba Sin, ya zuba Indiya, ya ɗora Jamus a sama. Alhaji Bature ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Madalla. Sai dai Khairat ba ta jure kaɗaici. Ba zan ba matafiyi ita ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Gumi ya karyo wa Harisu. Ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa wuce Mai'adua ba. Can ɗin ma mai ya ƙare mini, turo babur ɗin na yi."

Alhaji ya ce, "Na sani, ɗana. Ai kwalayen bayan shagona kai kake kwashewa. So nake in ji inda jirgin zai sauka."

An ɗaura aure bayan sallah. Har yau in Harisu ya shiga gidan, surukarsa Hajo takan tambaye shi yaya ya baro mutanen Jamus, shi kuma dole ya ce suna gaisuwa.

Gargaɗi: Duk wanda ya bi matakan nan ya sha kunya, shi ya jiyo, babu ruwana. Ban san shi ba, ban taɓa ganin kwali ba. Mai ƙorafi ya kai wa Harisu, don ni ya daina amsa sallamata.