Rasuwar Gagarau, Babur ɗin da Man Kaɗe Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta daina tafasa ba, Malam Kailani, malamin awon auduga na Tudun Wada, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, Gagarau, wanda ajali ya cim masa ranar Talata da hantsi a gangaren Kubanni.

Marigayin ya zo ƙasar nan cikin jirgin ƙasa tare da wani Baturen ciniki, ya koma hannun Malam da Baturen zai tafi gida. Shekara huɗu yana kai shi kasuwannin ƙauye, bai taɓa neman harawa ba, bai taɓa harbin kowa ba. In ya yi "fat-fat-fat" daga Tudun Jukun, Inno uwargida takan fara kwasar tuwo.

Ciwon ajalinsa bai taka kara ya karya ba. Birkin gaba ne ya soma kuka, "ƙiii", duk sa'ad da aka matsa shi. Malam ya yi niyyar kai shi wajen Isiyaku makanikin tashar jirgi ranar Laraba. Sai ga Sabo mai goge, maƙwabcinsa, gwanin shiga sharo ba shanu. Ya tarar da Gagarau a zaure ranar Litinin, Malam yana masallaci, ya lafta wa birkin man kaɗe har yana ɗiga.

"Malam, na yi maka maganin kukan nan," in ji Sabo. "Ko ƙyauren ɗakina da haka na rufe masa baki."

Malam ya yi godiya, har ya ba shi goro. Wannan goron shi ya fi ƙona masa rai.

Kashegari a gangare jakunan itace suka tare hanya. Malam ya matsa birki. Gaskiyar Sabo, bai yi kuka ba. Bai kuma kama ba. Na baya ya yi iya yinsa, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gagarau ya rungumi wani rimi, ya ce "tuf", ya cika. Haƙoran Malam biyu sun raka shi.

Isiyaku ya duba gawa. Ya shafa bakin ƙafar gaba, ya sunsuni yatsansa, ya girgiza kai. "Yashi ne kawai ya shiga ƙarƙashin roba, waya kuma ta ɗan saki. Wanki da juya noti sau biyu, da yanzu yana kasuwar Giwa." Don Malam ya gani da idonsa, ya wanke man da kananzir, ya ɗaure wayar. Birki ya kama gam, a jikin mamaci.

Marigayin ya bar fitila ɗaya, da ƙaho mai mura, da birkin gaba cikin ƙoshin lafiya, da ubangidansa wanda yanzu ke hawan jaki zuwa wurin aiki, yara na tambayarsa ina Gagarau.

An je gaban alƙali. Alƙali ya ce ba ramuwa, tun da Sabo da kyakkyawar niyya ya yi. Malam ya karɓi hukuncin hannu bibbiyu, ya haddace shi kalma kalma.

Za a binne Gagarau ranar Alhamis bayan la'asar a gindin durumin bayan gida. Ana gayyatar kowa, musamman Sabo, wanda aka roƙa ya zo da gogensa, ya jingine shi a zaure in zai shiga masallaci. Malam Kailani ya daɗe yana lura gogen nan ya cika kuka, ga shi Sabo zai yi wasa gidan biki ran Juma'a. Man kaɗen da ya bari saura rabin ƙoƙo, zai ishi izgar gogen tun daga sama har ƙasa.

Da kyakkyawar niyya za a yi.