Injin da na rubuta cewa babu shi

A matsayina na sakataren masu lambu na bakin tafkin Madarumfa, ni aka ɗora wa nemo injin ban-ruwa a kasuwar intanet ta cikin waya kafin tumatirinmu ya bushe. Kwana tara ina bin rukunin "Kayan noma" shafi-shafi. Alamar bincike mai kama da ɗan madubi da ke sama kuwa ban taɓa ta ba, na ɗauka na masu raunin ido ne. Na rubuta a rajista cewa babu injin.

A wajen taro ma'ajiyarmu, Hajiya Rabi, ta latsa madubin, ta rubuta sunan injin. Sai ga su jere ƙarƙashin "Kayan gini".

"Malam, ashe da kai ma madubin yake," in ji ta.

Tumatir dai ya bushe. Ina roƙon a binciko wanda ya ajiye injin a can, a kuma haramta kirana Malam Babu.