Ranar da Sitata Ta Ƙi Yin Shiru a Ƙofar Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je nema wa Sadisu aure a Jushi ba. Ko na so mantawa, 'yan layinmu ba za su bari ba.

Ni bakaniken babur ne a Samaru. Ban yi boko ba. Tun ina yaro nake cikin baƙin mai, na sha duka wurin oga, na kwana a rumfa, na rayu. Sadisu ɗan yayana ne. Ubansa ya rasu yaron yana rarrafe, ni na ɗauke shi. Na hana shi gareji, na tura shi makaranta, har ya zama malamin firamare a Bomo. Da ya tashi neman aure, sai ya gano 'yar gidan malamai, gidan da ko akuya za ta shiga sai ta yi sallama.

Labari ya iso mana cewa mahaifin yarinyar yana jan ƙafa. Ba don yaron ba, don ni. Wai 'yan gareji ba su da linzami a baki. Matata Hajara ta zaunar da ni.

"Maigida, don Allah yau ɗaya ka riƙe harshenka. In an tambaye ka, ka amsa. In ba a tambaye ka ba, ka ce madalla."

Ta goge mini farar shadda. Ta kuma kwashe sifana da sukundireba daga jikin babur, wai kada in je ina ƙarar ƙarafa kamar ɗan gwangwan.

Lokacin ne baburan roba-roba suka cika Zariya, masu sitata. Ka danna maɓalli, inji ya tashi, ba ka tsaya dukan kik kana gumi ba. Ina ji da nawa ƙwarai. Amma maɓallin nan ba shi ke juya sitata ba, wutar ta fi ƙarfinsa. Aike kawai yake yi. Akwai wani ɗan dunƙule kusa da batir, a bayan murfin gefe, sunansa solonoyid. In ka danna, maganaɗisun cikinsa ya ja ƙarfe ya haɗa tagulla biyu, wutar batir ta wuce, sitata ta juya inji. In ka saki, sifirin ya raba su. In batir ya yi sanyi kana ta dannawa, tagullar ta riƙa tartsatsi tana ƙonewa. Wata rana sai ta manne.

Na san nawa ya fara. Wani lokaci in na danna sai in ji "ƙat", shiru. Emeka, wanda nake sayen kaya wurinsa a Sabon Gari, ya duba ya ce, "Oga, wannan ya mutu, canja shi."

Na ce masa abin da ke hannuna ba ya mutuwa. Na buɗe shi, na goge tagullar, na rufe, na cika batir da caji. (Da babur ɗin wani ne, da tuni na jefa abin a bola. Wanzami dai ba ya son jarfa.)

Na goya abokina Ɗanjuma mai faci muka tafi. A zaure muka tarar da Malam, mahaifin yarinyar, da 'yan'uwansa dattawa. Na tanƙwashe ƙafa. Na ce madalla har bakina ya gaji. Da muka gama bayani, Malam ya ce, "To, mun ji. Za mu yi shawara."

Wanda ya san magana ya san wannan ba amincewa ba ce.

Suka rako mu ƙofar gida. Na tattare riga, na hau, na danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya, irin na manya. Inji ya tashi. Na saki. Sitata ba ta saki ba. Ta ci gaba da kururuwa kamar ana yanka ƙarfe.

Na kashe makulli. Inji ya mutu, ita tana nan tana juya shi, gurr-gurr-gurr. Na zare makullin gaba ɗaya. Babur na kuka, makulli na hannuna. Wani tsoho ya ja da baya yana a'uziyya. Mata suka fara leƙe ta soro.

"Oga, cire batir!" in ji Ɗanjuma.

"Da haƙori?"

Na fizge murfin gefe. Na ɗauki dutse na ƙwanƙwasa solonoyid, don wani lokaci duka yana raba tagullar. Ya ƙi. Wayar batir ta fara hayaƙi, ga tankin mai a samanta, ga zauren mutane cike da littattafai taku kaɗan. Na kwanta a ƙasa da farar shaddar, hulata ta gangara kwata. Na naɗe hannun riga a kan wayar, na ja. Ta ci rigar, ta ci tafin hannuna. Na sake ja da dukan ƙarfina, na buɗe baki na ɗura wa babur ashar, irin wadda ke farawa daga uwa ta bi ta uba ta kai kakanni.

Wayar ta riga bakina. Ta tsinke, ƙara ta ɗauke ɗif, ashar ta fita ita kaɗai. Har mai rake na bakin titi ya ji ta.

Ba wanda ya yi tari. Ɗanjuma ya sunkuya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Ni kuwa Sadisu kawai nake gani a raina, yana zaune a gida yana jiran labari.

Malam ya dube ni ina kwance. Ya ce, "Yaron da ka yi rainonsa, shi ma haka yake magana?"

Na tashi zaune. Na ce, "Allah gafarta Malam, a'a. Wannan tawa ce, a gareji na samo ta. Saboda ita na hana shi zuwa wurin. Ku tambayi duk Bomo, in an taɓa jin ta a bakinsa, ku hana shi."

Malam ya sa aka kawo ruwa da zuma, ya shafa mini a hannu da kansa. Yana shafawa kafaɗunsa suna rawa. (Na ɗauka tari yake dannewa. Dariya ce.)

"Ku dawo a sa rana," ya ce. "Amma don Allah ku zo a bas."

Daga Jushi har Samaru da kik muka dawo, ina tuƙi da hannu ɗaya da rabi. Sadisu ya auri yarinyar, yau 'ya'yansu suna kirana kaka. Ban ce na daina ashar ba, ƙarya haramun ce. Amma yanzu kafin in saki, sai na tabbata hayaniyar da ke rufa mini asiri ba ta kusa ɗaukewa ba.