Yadda Na Bar Surukina Da Ɗaki A Kurayyat

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da surukina ya zo Jidda, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bari ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina zaune a unguwar Kurayyat da matata Saudatu, ina tuƙa wa kafilina, wato ubangidan da ya tsaya min a takardun zama, motar kaya. Abin taƙamata a duniya a lokacin wata tsohuwar a-kori-kura ce, wadda a nan ake ce wa wanet (a takarda dai sunan kafili ne, amma a zuciyata tawa ce), sai kuma ɗakin da ake ɗora mata a baya. Ɗaki nake gaya muku na gaske: ga gado, ga taga, ga wurin dafa shayi, ga ƙofa ta baya. A kasuwar gwanjo na same shi. Yana da ƙafafun ƙarfe huɗu da ake murzawa da hannu. In ka murza su suka taka ƙasa, ɗakin zai ɗaga ya tsaya da kansa, ka zare motar daga ƙarƙashinsa. In tafiya ta tashi, sai ka mayar da motar da baya, ka sauke ɗakin ya zauna a kanta, ka naɗe ƙafafun, ka ɗaure shi da sarƙa.

Duk shekara in zafin Jidda ya fara dafa mutane, mukan gudu Ɗa'ifa mu sha iskar duwatsu. Kafin nan sai na sauke ɗakin a ƙofar gida na yi masa hidima. Damshin teku ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya, don haka in kankare tsatsa, in liƙe inda rufi ya tsage, in canza wa mota mai, in duba tayoyi. A wannan shekarar kuwa, da na ji Baba Alhaji, mahaifin Saudatu, zai zo Umra daga Kano ya kwana biyu a wurinmu, sai na ce gyara kaɗai ba zai isa ba. Dama dattijon bai taɓa gamsuwa da cewa 'yarsa ta auri mai abin yi ba. “Direba” yake cewa, ya ja kalmar kamar yana tauna magani.

Na sa wa ɗakin fanka mai aiki da batir. Na rataya labule mai kauri a gilashin bayan direba, don dattijo ya sake, ba sai muna haɗa ido ba. Sannan babban aikin: na sayo makirfo na ɗaura kusa da sitiyari, na ja waya zuwa wata 'yar lasifika a cikin ɗakin, yadda zan riƙa yi masa bayanin hanya ina tuƙi. Maƙwabcina Bukar, mutumin Chadi mai baƙala, wato kanti, a bakin layi, ya zo ya gani ya ce, “Wallahi kai muhandis ne,” wato injiniya. Na yi kamar ban ji daɗi ba.

Ranar tafiya da hantsi na mayar da motar ƙarƙashin ɗakin, na haɗa wayar lasifika (ita kam ban manta da ita ba). Na kama ƙafar farko zan murza ke nan, sai ga Baba Alhaji ya fito cikin babbar riga, maƙwabta suka yanyame mu da gaisuwa. Na saki ƙarfen na ruga na riƙe masa jaka. Na buɗe ƙofa ina nuna masa fanka, ina nuna masa gado, ina nuna wa jama'a lasifika. Ya hau da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya zauna ya ce, “To, madalla.” A bakinsa wannan babban yabo ne.

Saudatu ta matso kusa da ni ta ce, “Malam, ƙafafun nan fa?”

Na ce, “Na sa masa matashi, zai miƙe su.”

“A'a, ina nufin...”

“Saudatu, don Allah harkar tafiya ki bar min.”

Ta juya ta shiga gaba. Ni kuma na zagaya baya na rufe wa Baba ƙofa, na ji ya sa sakata ta ciki, na dawo na tayar da mota. Yalla, sai tafiya!

Muna tashi na ji wani abu ya yi ɓas, na ce dutse ne. Sai jama'a suka ɗau ihu. Bukar ya biyo mu a guje yana ɗaga hannu biyu, zanensa na neman kwancewa. Na ce wa Saudatu, “Kin ga mutanen kirki? Kamar za mu bar ƙasar.” Na fito da hannu ta taga ina ɗaga musu, na danna ham, na ƙara wuta. (Wayar hannu a lokacin sai manyan attajirai, ba mai iya kirana.)

Da muka hau babban titin Makka, motar nan ta riƙa tashi kamar za ta bar ƙasa. Tunda nake tuƙa ta ba ta taɓa gudu haka da ɗaki a bayanta ba. Na bugi sitiyari na ce, “Kin ji aiki? Wannan sabon man ne. Ba kowane bakanike ne ya san sirrin ba.” Har na lura madubin gefe yana nuna min hanya fes, babu abin da ya tare, na ce ai gogewar da na yi masa ce.

Daga nan na ɗau makirfo, na gyara murya.

“Baba, barkanku da hutawa. Yanzu mun bar Jidda. In kuka leƙa ta hannun dama za ku ga raƙuma.”

Shiru. Na ce dattaku ne. Na ci gaba. Na yi masa tarihin hanya, na yi masa bayanin rumman da inabin Ɗa'ifa, na gaya masa yadda kafilina ba ya iya yanke shawara sai da ni (Allah ya yafe min wannan). Har ƙira'a na ja masa, ina karya murya. Saudatu ta ce, “Ka bar shi haka, wataƙila barci yake.” Na ce, “Ai daɗin motar ne ya kwantar da shi.”

A haka muka iso shingen 'yan sanda. Wani matashin askari ya karɓi iƙama, wato takardar zama, ya duba, ya tambayi inda za mu, ya ce mu nawa ne. Na ce mu uku. Ya leƙa ya ga biyu. Na yi murmushin masu abin hannu na ce, surukina yana hutawa a ɗakin baya.

Ya kalli bayan motar. Ya kalle ni. Ya sake kallon bayan motar.

“Ya shekh, fen al-gurfa?” Wato ina ɗakin?

Na fito ina shirin nuna masa da yatsa. Babu komai a bayan wanet sai sarƙa a naɗe da guntuwar waya tana lilo.

Abin da ya zo min shi ne ɗakin ya faɗo a kan titi da dattijo a ciki, manyan motoci suna bi ta kai. Saudatu ta fito ta ɗora hannu a ka tana salati tana kiran “Baba! Baba!” Askarin ya kira abokin aikinsa, na ji yana ce masa wannan mutumin ya ce ya yar da ɗaki da surukinsa. Ɗayan ya tambaye ni ko rana ta taɓa ni. Ni kuwa (ban san dalili ba har yau) sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mota.

Muka juyo muna tafiya a hankali, ina duba gefen titi, ina alkawarin azumi iri-iri. Can Saudatu ta share hawaye, ta juyo ta dube ni.

“Malam, da ka zagaya baya, ka naɗe ƙafafun nan kuwa?”

Na dafe kai na ce, “Innalillahi!” Na taka mota, ban tsaya ko'ina ba sai Kurayyat.

Muna shan kwanar layinmu na hango shi: ɗakina tsaye ƙiƙam a kan ƙafafunsa huɗu, daidai inda na bar shi, unguwa kaf ta kewaye shi. Baba Alhaji yana zaune a bakin ƙofa, ƙafafu a waje, da kofin shayin Bukar a hannu. Ashe bayan tafiyarmu an daɗe ana gardamar wanda zai ƙwanƙwasa ya gaya masa. Da aka ƙwanƙwasa kuma bai ji ba, ga ƙarar fanka, ga kunnen tsufa. Ya yi addu'ar tafiya, ya ja carbi, ya yi barcinsa. Da ya farka ya buɗe ƙofa ya ga baƙalar Bukar, sai ya ce, “Ikon Allah, ashe Ɗa'ifa ma akwai 'yan Chadi.”

Na fito na tsuguna a gabansa, kaina a ƙasa. Na ce, “Baba, ku yi haƙuri.”

Ya kurɓi shayi ya ce, “Haƙurin me? Ni tunda nake shiga mota ban taɓa samun direban da ya iya tuƙi irinka ba. Ko girgiza ban ji ba.”

Layin nan ya fashe da dariya. Bukar har da zama a ƙasa. Tun daga ranar sunana ya koma Abu Gurfa, wato Mai Ɗaki, har mutanen da ba su san asalin sunan ba da shi suke kirana.

Washegari mun tafi Ɗa'ifa, bayan na ɗaure ɗakin da sarƙar da za ta riƙe jirgin ruwa. Amma Baba bai shiga ba sai da ya tsaya a gefe ya ce, “Ja ta gaba in gani tukuna.” Na ja, ya ga ɗakin ya bi, sannan ya hau.

Abin da na koya shi ne, duk ranar da na ji al'amura suna tafiya da sauƙi fiye da kima har na fara yabon kaina, to in tsaya in fito in duba baya, akwai abin da na bari. Kuma in matata ta ce “Ina nufin...”, yanzu har kashe mota nake yi in saurara.