Rasuwar 'Yar Taga, Wadda Surukina Ya Kashe

Da zuciya cike da baƙin ciki har wuya nake sanar da jama'a cewa mijin 'yata ya kashe mini 'Yar Taga. Shi ne, kada a ce ajali.

Marigayiya manhaja ce da autana ya ƙera a kwamfutar ɗakina kafin aiki ya kai shi nesa. Ya sa mata sanin lokacin da take fili da lokacin da aka rufe ta. Kowace safiya in na fito da ita sai ta ce, da muryarsa, "Inna, an tashi lafiya?" Nan take ta aika masa cewa tsohuwa na nan da ranta. In wata taga ta hau kanta a fuskar kwamfutar, sai ta yi tsit. Shekara shida ba ta taɓa magana a bayan idona ba, abin da ba zan faɗa a kan dangina ba. Saboda ita aka bar ni nake zaune a ɗakina, ba mai ƙirga mini lomar abinci.

Ciwon ya fara ran Talata. Surukin nan, gwanin da ba a tambaya ba, ya ce kwamfutar ta tsufa, ya danna sabuntawa. Tun daga nan marigayiya ta makance. Ga ta a buɗe baro-baro, ga ni a gabanta da ɗankwalina, amma ita a ganinta a rufe take. Ba gaisuwa, ba saƙo. Wayata kuwa tana cikin akwati, inda ta dace.

Kwana uku shiru, auta ya tayar da unguwa ta waya daga can. Maƙwabta suka ɓalle mini ƙofa ina wanka, wata har ta fara kuka.

Ta rasu ta bar ni, da ƙofa ɓallalliya, da linzamin kwamfuta maraya. Yanzu 'ya'yana sun yanke wai ba a barina ni kaɗai, in tattara in koma gidan wa? Gidan wanda ya yi kisan!

Gawa tana kan tebur, na lulluɓe ta da zane. Za a yi jana'iza Asabar da hantsi. Dole suruki ya zo da kafinta ya gyara ƙofar, ya tsaya gaban mutane ya faɗi wanda ya aike shi ya kashe ta. Ko ya tashe ta ta gaishe ni, ko a haƙa rami biyu, don ni daga ɗakin nan ba inda za ni.