Yadda Za Ka Zama Alƙalin Fim ɗin Kofur Guguwa Ba Tare da Ka Kalla Ba

Kai da ake hirar fim a gabanka kana zare ido kana sosa ƙeya, matso kusa, wahalarka ta ƙare. Tun da *Sufeto da Kofur Guguwa* ya shiga wayoyin mutane, daga Birnin Kudu har Gwaram babu wata hira sai tasa. Labarin wani sufeton 'yan sanda ne matsoraci da aka haɗa aiki da aljani, aka ɗinka wa aljanin kaki, aka maƙala masa igiya biyu, aka ce su je su kamo ɓarayin shanu. Kowa da ra'ayinsa, kai kaɗai ne ba ka da shi, wai don ba ka kalla ba. Wa ya ce maka sai an kalla? Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbaci kafin sati ya zagayo, in ka gyara murya majalisa za ta yi tsit.

An gwada hanyar nan a kan Munzali direba, mai farar bas da ke jigila tsakanin garuruwan biyu, wanda tasha biyu ke kira Alƙali. Duk gardamar fim da ta gagara, shi ake jira ya raba. Akwai fasinjojin da ke barin motar da ke kan layi su zauna jiran tasa, don kawai su ji hukuncinsa. Munzali ya fi son sunan nan a kan motar, ita kuwa motar ya fi son ta a kan abinci.

Mataki na ɗaya: Kai za ka kawo fim ɗin

Wanda ya kawo abu gari ba a tambayarsa ko ya san shi. Saboda haka ranar da sabon fim ya sauka, riga kowa zuwa shagon mai turawa.

Haka Munzali ya yi. Ya miƙa wayarsa ga Maikuɗi, mai shagon caji da tura fina-finai a bakin tashar Birnin Kudu. Ana cikin turawa aka ƙwala masa kira cewa mota ta cika. Direban kirki ba ya barin cikakkiyar mota a rana, don haka ya fizge wayar daga jikin kwamfuta ya ruga. Maikuɗi ya biyo shi da “Alƙali, tsaya mana, ai da saura...” amma ƙarar inji ta cinye sauran maganar.

Kafin azahar fim ya isa Gwaram. Daga wayar Munzali ya shiga ta mai shayi, daga ta mai shayi ya shiga ta teloli, daga nan ya bi ƙauyuka. Duk wanda ya kalli Kofur Guguwa a wannan yankin, in ka bi salsala, wayar Munzali za ka tarar.

Mataki na biyu: Kada ka kuskura ka kalla

Kallo yana ɓata hukunci. Wanda ya kalla yana da abu ɗaya da ya gani, kai da ba ka kalla ba kana da duk abin da ka ga dama.

Munzali ma yana da wani dalilin, wanda shekara da shekaru yake ɓoyewa: ko wane irin fim aka kunna, kafin a gama nuna sunayen 'yan wasa ya yi barci. Mutum ɗaya ce ta san haka a duniya, matarsa Nasiha, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

“Baban Ummi, wannan karon dai ka zauna mu kalla tare,” in ji ta, ta shimfiɗa tabarma ta jingina wayar da kwanon sha. “Ni kaɗai nake dariya, ni kaɗai nake jin tsoro. Ba daɗi wallahi.”

“Ai na riga na kalla a tasha,” ya ce, yana neman makullin mota.

Ta dube shi, ta kunna abinta. Idan taka matar ta yi maka irin wannan kallon, kada ka tsaya fassara shi. Fita kawai.

Mataki na uku: Ido a titi, kunne a baya

Motarka ita ce makarantarka. Kashe rediyo, ka jefa tambaya ɗaya: “To jama'a, Sufeto ko Kofur?” Daga nan ja bakinka ka yi tuƙi.

A tafiya ɗaya Munzali ya tara abin da ya ishe shi wata guda. Wani mai kai taki Yalwan Damai ya ce fim ɗin rainin hankali ne, aljanin da ke iya ratsa bango me ya kai shi cika takardar neman izinin bincike? Wata malamar asibiti ta ce ai nan daɗin yake, aljani yana bin doka mutum yana tsallake ta. Wani dattijo ya ce shi abin da ya ba shi haushi Sufeto ne, ƙato da shi, kullum abokin aikinsa ya shigo ofis sai ya hau karanto addu'o'i, shi kuma Kofur ya yi ta atishawa har fayiloli su tashi sama. Na kusa da shi ya ce to kai da za ka iya zama mota ɗaya da aljani? Dattijon ya ce ai ga shi yana zaune da shi yanzu. Sai da aka shiga tsakani.

Inna Dada, mai kai man shanu kasuwa daga Gwaram, ita ta rufe zancen. “Ku bar yaron nan Guguwa,” ta ce. “Duk fim ɗin shi kaɗai ne mai tarbiyya. Kafin ya ratsa bangon mutane sai ya yi sallama. Jikokina ta ƙofa suke shigowa, ba sa yi.”

Munzali ya kwashe duka ya adana. Da yamma a wurin mai shayi ya zazzage su ɗaya bayan ɗaya a matsayin nasa, har masu maganar ma suna gyaɗa kai suna cewa Alƙali ya ga abin da suka gani.

Mataki na huɗu: Haddace jimloli uku

Wata rana za a ƙure ka da tambaya a kan wurin da ba ka ji labarinsa ba. Kada ka firgita. Ɗaga gira ka ce, “Ka lura da idon Sufeto a wurin nan kuwa?” Babu wanda ya lura, don haka kunya ta koma kansa. In ya nace, ce masa, “Mai fim ɗin nan ya san abin da yake yi.” In ya ƙi bari, yi murmushin tausayi ka ce, “Sai ka sake kallo za ka gane.”

Sannan kafa doka a motarka: ba a faɗin ƙarshen fim, don kada a ɓata wa wanda bai kalla ba. Za a yaba maka da adalci, alhali kanka kake karewa. Munzali ya riƙe dokar nan gam. Da wani ya ce “ai a ƙarshe...” sai ya danna oda har maganar ta mutu.

Mataki na biyar: Ba wa kowane gari abin da yake so

A tasha babu oda, dole ka ji ƙarshen. A nan Munzali ya lura da wani abu. Mutanen Gwaram in sun zo ƙarshen sai murya ta yi ƙasa. Ɓarayi sun rufe Kofur Guguwa a kwalba sun jefa kogi, Sufeto ya durƙusa a bakin ruwa da hular abokinsa a hannu, allo ya yi baƙi. Nasiha kwana biyu idonta a kumbure. Inna Dada ta ce ita da mai fim ɗin sai a lahira.

Mutanen Birnin Kudu kuwa, da an ce ƙarshe sai su fashe da dariya har da tafawa.

Mai hankali zai tsaya ya yi tambaya. Kai ba hankali ka zo nema ba, suna ka zo karewa. Munzali ya yanke a ransa cewa mutanen Birnin Kudu ba su da tausayi, shi ke nan. A Gwaram ya dafa ƙirji ya ce, “Ni da nake namiji, sai da na ajiye wayar na share hawaye.” A Birnin Kudu ya ce, “Ƙarshen nan! Dariya har sai da cikina ya ƙulle.” Garuruwa biyu suka ƙara yarda cewa Alƙali nasu ne.

Mataki na shida: Kada ka bari garuruwan biyu su haɗu a inuwa ɗaya

Wannan shi ne matakin da Munzali ya faɗi, kuma don shi na rubuta sauran.

Ranar kasuwar Sara ce. Ya sauke fasinja ya shiga rumfar mai shayi, bai san an riga shi ba. A benci ɗaya ga Inna Dada da mutanen Gwaram, a ɗayan ga Malam Haladu, malamin firamare daga Birnin Kudu, mutumin da ke kallon fim da biro a hannu. Gardama ta riga ta yi zafi.

“Malam, ka ji tsoron Allah,” Inna Dada take cewa. “Yaro ya mutu a kwalba kana dariya?”

“Inna, wa ya mutu? Sufeton da ke tsoron ruwa da aljanu shi ya faɗa kogin ya ciro kwalbar. Da ya buɗe, Kofur ya fito ya sara masa ya ce, ‘Oga, ka makara, an tashi daga aiki.’ Har ƙarin girma aka yi masa!”

“Ƙarya ne!”

“Ga Alƙali nan, ya raba mu.”

Rumfa ta yi tsit, irin tsit ɗin da na yi maka alkawari, sai dai wannan karon Munzali bai so shi ba. Ya ɗaga gira ya ce, “Kun lura da idon Sufeto a wurin nan kuwa?”

“A wane wurin?” in ji Malam Haladu. “A kashi na uku ko na huɗu?”

“Wane na huɗu?” mutanen Gwaram suka haɗa baki.

Aka fito da wayoyi aka jera a kan tebur. Na Birnin Kudu kashi huɗu, na Gwaram kashi uku. Malam Haladu ya gyara tabarau ya tambaya a hankali, wa ya kai muku fim ɗin? Kawuna duka suka juya wajen Munzali.

Inna Dada ta miƙe. “Munzali, sati uku ina jimamin yaron da ke raye har da ƙarin girma? Kai kuma da ka ce ka yi kuka?”

“Mu kuwa cewa ya yi dariya ta ƙulle masa ciki,” in ji Malam Haladu. “Alƙali, tambaya ɗaya. Kakin Kofur wane launi ne?”

Sati uku ana hirar fim ɗin a motarsa, babu wanda ya taɓa faɗin launin kakin, don kowa ya gani da idonsa. Da ya tashi komawa, motarsa ta cika maƙil, amma babu wanda ya ce masa Alƙali. “Direba, mu je,” kawai aka ce, kuma kalmar ta yi masa ciwo fiye da zagi.

Mataki na bakwai: In komai ya rushe, kalli fim ɗin

Ban so kawo wannan matakin ba, don ya saɓa wa duk abin da na koya maka. Amma haka Munzali ya yi. Washegari ya tsaya a shagon Maikuɗi har aka gama tura kashi na huɗu, mota na cike tana jira. Bayan la'asar ya shiga gida ya miƙa wa Nasiha wayar, kansa a ƙasa.

“Ga sauran. Ashe bai mutu ba.”

“Labari ya riga ka zuwa,” ta ce. Ta shimfiɗa tabarma, ta jingina wayar da kwanon sha. “Amma daga farko za mu fara. Ga goro, ga ruwan sanyi. Ka rufe ido in watsa maka.”

Bai rufe ba. Ya ga kakin, ashe kore ne. Ya yi dariyar atishawar Kofur har ya buge kwanon, Nasiha ta gyara. Da aka zo ƙarshen kashi na uku, Sufeto ya durƙusa a bakin kogi da hula a hannu, sai ta ji ana jan hanci a gefenta. Ta waiga. Mutumin da ya san sarai akwai kashi na huɗu, shi ne hawaye ke bin gemunsa.

“Nasiha, ke kaɗai kika kalli wannan wurin?” ya ce.

“Ni kaɗai, Baban Ummi. Sau uku.” Ta miƙa masa gefen mayafinta. “Share, Alƙali. Da saura.”

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba. In an kama ka a Sara, ko a Gwaram, ko a tsakar gidanka, kada ka ambaci sunana, ban san ka ba. In ka rasa suna ka samu abokiyar kallo, wannan tsakaninka da iyalinka ne. Masu tambayar nawa ra'ayin a kan fim ɗin kuwa, ina ganin mai fim ɗin ya san abin da yake yi, kuma sai kun sake kallo za ku gane.